Takardar izinin masu maganin gargajiya: wa zai biya, kuma me za ta kawo wa baitulmali?

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni ne nake riƙe wa ƙungiyar masu maganin gargajiya ta unguwarmu rubutu a nan Tawa. Kullum in an zauna sai an tayar da maganar tilasta wa kowa yankar takardar izini: masu saiwa da sassaƙe, maɗora, wanzamai, masu ƙaho da tausa, masu ruƙiya, har da masu yi wa marasa lafiya magani da kiɗa ko zane. Wasu na cewa kuɗi kawai gwamnati take nema, wasu na cewa ai ita za ta yi asara. Kai da ka daɗe cikin lissafin kuɗin kiwon lafiya, mece ce gaskiyar abin?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Masu cewa gwamnati za ta yi asara sun fi kusa da gaskiya. In dai da gaske za a yi aikin, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Hanya ɗaya ce tak gwamnati ke fita da riba a wannan harka: ta karɓi kuɗi, ta buga hatimi, ta koma ofis ta zauna. Shi kuwa wannan ya fi kowane tsari tsada, sai dai ofishin da ya karɓi kuɗin ba shi ke biya ba. A ɗakin tiyata da ɗakin wankin ƙoda ake biya.

Mu ma a Nijar ba yau muka fara ba. Dokar magunguna ta Janairun 1997 ta san da zaman maganin gargajiya, kuma a ma'aikatar kiwon lafiya akwai sashen da ke riƙe da shi tare da harkar farmasi. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2001 ya faɗi yadda ake yi a wancan lokaci: mai neman izini a tura shi babban asibitin ƙasa na Yamai, ya yi aiki a gaban babban likita, in likitan ya gamsu sai ya rubuta wa ma'aikata a ba shi takarda. Akwai hankali a tsarin, don an ga aikin mutum da ido kafin a sa hannu. To amma ka auna shi da kuɗi. Maɗori daga Buza ko Keita zai bar gonarsa, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 500, ya ci ya kwana a Yamai, likitan da marasa lafiya ke jira a layi kuma ya ware lokaci yana kallonsa. Mutum goma a shekara ana iyawa. Dubbai kuwa babu asibitin da zai ɗauka. Duk gardamar kuɗin daga nan take tasowa, domin tantancewar kirki tana da tsada.

Kafin a karɓi ko dala, akwai kuɗin da za a zuba: rubuta doka da ƙa'idojinta, tarurruka da sarakunan wanzamai da malamai da likitoci, ƙirga masu maganin gari gari. Wanda ya tsallake wannan don tsimi, sau biyu zai biya. Afirka ta Kudu ta yi dokar masu maganin gargajiya a 2004, kotun tsarin mulki ta rushe ta a 2006 saboda ba a saurari jama'a yadda ya kamata ba, aka sake yin wata a 2007, majalisar riƙon da za ta gudanar da ita kuma ba a ƙaddamar da ita ba sai 2013. Ƙasa ce da ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba.

Sannan kuɗin yau da gobe. Bari in nuna maka fita ɗaya ta bincike, don wanda bai taɓa sa hannu a takardar kuɗinta ba gani yake abu ne mai sauƙi. Ana so a je Tasara ko Tiliya a duba masu magani. Sai an sami kat-kat mai lafiyar taya, a cika ta da gazuwal, a ɗaura jarka biyu a baya, a biya direba da likita da ma'aikacin farmasi kuɗin kwana, wasu wuraren ma a yanzu sai da rakiyar jami'an tsaro. A isa ranar da ba ta kasuwa ba, a tarar wanda aka fi zuwa dominsa ya bi dabbobi ya yi arewa. A dawo da sunaye bakwai a littafi. In kowannensu ya biya jikka 10, an tara jikka 70, da ƙyar su biya mai, ba a zo kan kuɗin kwanan mutum uku ba.

Mu yi lissafin jiha gaba ɗaya. Lambobin nan nawa ne, na misali, in kun ƙirga mutanenku ka cire su ka sa na gaske. A ce jihar Tawa tana da masu magani 3,000 da doka za ta shafa, aka yanka wa kowa jikka 10 a shekara, wato sefa 10,000. Mai rubuta wa minista takarda zai ninka ya ce miliyan 30, don ya ɗauka kowa zai zo. Waɗanda za su zo su ne masu shago a birni, da masu son talla a rediyo, da masu son kati don wuce shingen jandarma da buhunan sassaƙe ba tare da dogon turanci ba. Tsohuwar da ke haɗa wa jarirai dauri a ƙauye ba za ta zo ba, kuma ba wanda zai tashi mota ya je ya kamo ta. A ce 1,000 suka biya a shekarar farko, miliyan 10 ke nan. Shekara ta biyu, da suka ga maƙwabcin rumfarsu da bai biya ba yana cin kasuwarsa lafiya lau, rabi suka sabunta. Miliyan 5.

Ga abin kashewa. Ma'aikata uku, kowanne jikka 150 a wata in an haɗa da abin da ake zuba masa na fansho: miliyan 5 da jikka 400 a shekara. Jihar tana da gundumomi 12, a leƙa kowace sau biyu kacal a shekara, fita 24, kowace jikka 300: miliyan 7 da jikka 200. Zaman kwamitin tantancewa da buga kati: miliyan 2 da jikka 400. Samfurin magani 100 zuwa ɗakin gwaji, kowane jikka 50: miliyan 5. Jimla miliyan 20, kuma na matse hannu ƙwarai, ban sa sayen mota ba, ban sa lauya ba. Raba wa mutum 1,000, kowa jikka 20. Raba wa 500, kowa jikka 40, kusan albashi mafi ƙanƙanta na wata guda ke nan, tunda jikka 42 ne tun Janairun 2024. Da ka ɗaga farashi masu biya su ƙara raguwa, nauyin kuma ya ƙara hawa kan ƴan tsirarun da suka bi doka.

Kada ka manta da yadda ake biyan yawancin mutanenku. Wanzamin ƙauye da kaka ake sallamarsa da dami. Malam kafin alƙalami ake ba shi, sauran sai in an ji sauƙi. Maɗori sau da yawa kaza ce da goro, wani ma ya gaji aikin ne da sharaɗin kada ya yanka farashi. Mutumin da sana'arsa ba ta kawo masa tsabar kuɗi a kai a kai, in ka ce ya kawo jikka 20 kowace shekara, ɗaya cikin biyu zai yi: ya ɓuya, ko ya fara yanka wa marasa lafiya farashi. Ko wanne ya yi, talaka ne ya biya.

Wannan ba matsalar talauci kaɗai ba ce, matsalar yawan masu biya ce, kuma Ingila ta nuna ta a fili. Can akwai hukuma ɗaya, HCPC, da ke riƙe da rajistar sana'o'in lafiya 15, har da masu jinya da zane da kiɗa da wasan kwaikwayo. Mutanenta sun haura 300,000, da kuɗinsu take gudana, abin da kowa ke biya a shekara bai kai fam 130 ba. Su kuwa masu gyaran gadon baya da hannu, dokar 1994 ta ba su hukumarsu ta kansu. Ba su wuce ƴan dubbai ba, sun yi shekara da shekaru kowa yana biyan fam 800. Aikin iri ɗaya ne: littafin suna, sauraron ƙara, lauyoyi, haya. Bambancin yawan kawunan da ake raba wa kuɗin ne. Saboda haka duk wanda ya ce a yi wa wanzamai hukumarsu, masu ƙaho tasu, masu ruƙiya tasu, ka tambaye shi mutum nawa za su ɗauki albashin kowane shugaba da motarsa.

Abin da ya fi cin kuɗi a irin waɗannan hukumomi shi ne ƙorafi, kuma shi ne ba a iya sa wa adadi a kasafi. A 2009 aka shigar wa hukumar masu gyaran gadon bayan nan ƙorafi ɗaruruwa a lokaci guda kan abin da mutanenta ke tallatawa a intanet, kuma doka ta wajabta mata bin kowane ɗaya. Mu dawo gida. Yaro ya rasu bayan an cire masa beli, iyaye sun kai ƙara, wanzamin yana da kati. Sai an tura likita ya duba, a kira shaidu daga ƙauye a biya musu mota, kwamiti ya zauna, a ba wanzamin damar kare kansa, in an ƙwace katin ya ɗaukaka ƙara. Shari'a ɗaya irin wannan tana iya cinye abin da mutum hamsin suka biya. In kuma aka ce ba kuɗin bin ƙara, to katin ba ya da haƙori, kowa kuma zai gane haka cikin wata shida.

Sai ɗakin gwaji, wanda ni a ganina nan ne ya fi cancanta a zuba kuɗi. Tsaya gefen mai mota da lasifika ranar Lahadi a kasuwar Tawa. Ga tabarmar tsohon da ke sayar da sabara da marke da ɓawon maɗaci da bagaruwa, kowane ka san shi da ido, kakarka ma ta san shi. Ga kuma jarkoki da robobin ruwan da aka sake cikawa da wani abu ja ko baƙi, an liƙa takarda mai jerin cututtuka ashirin, daga basir har hawan jini. Haɗarin yana cikin robar nan. An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe a ƙasashe da dama da maganin bature a ɓoye a ciki: sildenafil a maganin maza, deksametazon a maganin ƙiba, dikilofenak a maganin sanyin ƙashi. Mai sha yana jin aiki nan take, ya yaba wa gargajiya, ƙodarsa ko cikinsa na lalacewa a hankali. Ba mai gane wannan da kallo ko da ɗanɗano. Sai an kai LANSPEX, ɗakin gwajin magunguna na ƙasa a Yamai, injin ya yi aiki, sinadaran gwajin da ake sayowa daga waje suna nan ba su ƙare ba, wuta kuma ba ta yanke ba. Tambayar mutum a gaban kwamiti ba ta gaya maka abin da zai zuba a roba gobe.

Nan kuma ne ake iya karɓar kuɗi ba tare da zalunci ba. Wanda ke cika kwalba dubu yana aikawa Ƙonni da Madawa da Agadas ɗan kasuwa ne, yana da jari, ya biya kuɗin gwajin kayansa da rajistarsu. Haka mai shigo da ƙwayoyin ƙarin kuzari daga waje, da masu ɗan injin nan da ake riƙe wa a hannu ya zano maka cututtuka a kwamfuta, a ƙarshe a sayar maka da kayan jikka 60. A Najeriya hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, kayan take ba lamba, ba mai haɗawar ba. Mali kuwa tun 1968 ta kafa cibiyar binciken tsirrai, har ta fitar da magungunan gargajiya da aka inganta, irin su Malarial da Balembo da Hepatisane, ana sayar da su a farmasi. Ka lura, shekaru aka yi gwamnati da masu tallafi suna zuba kuɗi kafin a kai nan. Ba daga kuɗin kati aka gina ta ba.

Yanzu a ce an tara miliyan 10 ɗin. Ina za su? Nan ne mutanenku suka fi yin mamaki in an gaya musu. Ƙa'idar kasafin kuɗi ta ƙasashen UEMOA, ƙungiyar masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, wadda Nijar ta shigar cikin dokarta a 2012, ita ce kuɗin gwamnati asusu ɗaya suke shiga, kuma ba a ɗaure wani kuɗin shiga da wani aiki sai in doka ta keɓe. Jikka 10 ɗinka da ta shiga baitulmali ta bar zama kuɗin masu magani. Tana iya tafiya albashin malamin makaranta ko gyaran hanya. Ofishin da ya karɓa sai ya bi layi kamar kowa ya roƙi gazuwal, a yanka masa, abin da aka yanka ma a sake shi rabi. Sai ka ga ana karɓa kowace shekara, mota ba ta taɓa tashi ba. Mafita ita ce dokar da kanta ta ce kuɗin na hukuma ce mai asusunta, ko a yi kamar ƙungiyoyin likitoci da masu farmasi da ke riƙe kuɗin mambobinsu. Wannan ma yana da nasa ciwo: hukumar da ke rayuwa da kuɗin kati ba ta son hana kowa kati, don duk wanda ta kora ta kori jikka 10.

Masu kare tsarin sukan ce ai ribar tana wajen haraji, in an san mutum an san shagonsa. Akwai ƙamshin gaskiya. Mai asibitin ƙaho a birni da ma'aikata biyar ya kamata ya yi lambar haraji ya biya kamar mai shagon ɗinki. Amma mai tabarma a kasuwa tuni yana biyan tikitin ma'aikatar magajin gari duk ranar kasuwa, ba sabon kuɗi za a samu a kansa ba. Kuma ranar da aka ji cewa littafin ma'aikatar lafiya ya koma hannun masu haraji, ranar rajista ta mutu. Ni da za a tambaye ni, sai in ce a rubuta a doka cewa littafin nan na lafiya ne kawai.

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a shekarar farko. Wanda aka ba izini gobe zai ce a ba shi ɗaki a asibiti, jibi ya ce a sa shi cikin albashi, gata ya ce inshora ta biya maganinsa. Ba laifi ba ne, haka kowace sana'a take yi. Gana ta yi dokarta a 2000, jami'ar Kumasi ta fara ba da digirin maganin tsirrai a 2001, daga baya aka buɗe musu sassa a wasu asibitocin gwamnati, albashi ke nan na dindindin. Faransa ta daɗe tana mayar wa mutane wani kaso na kuɗin magungunan homiyofati, waɗanda ake tsarma su har kusan ba abin da ya rage na ainihin maganin a ciki, kashi 30 cikin 100 tun 2011. A 2018 abin ya ci wa asusun inshorarta kusan yuro miliyan 127, sama da biliyan 83 na sefa, sai ta rage zuwa kashi 15 a 2020, ta daina gaba ɗaya a 2021 bayan hukumar lafiyarta ta ce ba a ga hujjar amfaninsu ba. Mu kuma mun ga abin da alkawari ba tanadi ke jawowa: jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta da aka fara a 2006 abu ne mai kyau, amma gidajen likita sun yi shekaru suna bin gwamnati bashin kuɗin, kantocin maganinsu suna bushewa.

To, in haka ne me ya sa za a yi? Domin ribar tana wani shafi na littafin, shafin da ba a rubuta wa "kuɗin shiga". Yaro ya faɗo daga bisa jaki ya karye a hannu. Maɗori ya jera karan dawa, ya naɗe da tsumma, ya ja ya ɗaure tamau. Dare ya yi hannu ya kumbura, ɗaurin bai saki ba, jini ya daina zagayawa. Yaro na kuka ana cewa ɗori ne ke kamawa. Kwana huɗu yatsu sun yi sanyi sun yi baƙi, ranar da aka iso asibiti sai yankewa. Lissafa tiyata, jini, gado na makonni, sannan mutum mai hannu ɗaya har ƙarshen ransa a ƙasar da ake ci da fartanya. Maɗoran da suka iya aikinsu suna da yawa, karaya da dama a hannunsu take warkewa, kuma ba likitan ƙashi ko ɗaya a yawancin garuruwan da suke. Abin da ke tsakanin wancan yaro da hannunsa bayani ne na yini biyu: a bar wurin yatsa a ƙarƙashin ɗauri, a duba farce da safe da yamma, karayar da ƙashi ya huda fata ko ta kusa da gwiwar hannu a tura ta likita a ranar. Haka askar wanzami ɗaya a kan yara goma da ciwon hanta, haka mai tarin da ya haura sati biyu ana ba shi jiƙo yana shafa wa gida, haka mai ciwon suga da aka ce ya ajiye allurarsa. Tun Satumban 2024 da aka rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, aka kuma soke jikka 150 da ake ajiyewa kafin fara wankin ƙoda, kaso mafi girma na wannan asara ya dawo wuyan baitulmali kai tsaye. Hannu biyu ko uku da aka tsirar a shekara, da ƙoda ɗaya da ba ta kai ga inji ba, sun isa a kafa hujja da su gaban ministan kuɗi. Sai dai ba a samun wannan riba sai mutanen sun fito fili, kuɗin kati mai tsada kuwa korarsu yake yi.

Masu jinya da zane da kiɗa da ka ambata, waɗanda suka yi karatun abin a Nijar ƴan kaɗan ne, yawanci tare da ƙungiyoyin agaji suke aiki wajen yaran da suka gudo daga tashin hankali. Ba su kai a buɗe musu ko taga ba, balle ofis. A sa su shafi ɗaya cikin rajistar ma'aikatan lafiya da ake da ita, a duba takardar karatunsu, shi ke nan. A Amurka ma, inda jihohin Dakota ta Arewa da Nebada suka fara ba masu jinya da kiɗa lasisi a 2011, ba a gina musu hukumar kansu su kaɗai ba. Abin da nake sha'awa a tsarinsu shi ne kafin majalisar jiha ta zartar da irin wannan doka, sai an haɗa ta da takardar lissafi: mutum nawa za su nema, ma'aikaci nawa za a ɗauka, nawa za a kashe, nawa za a tara. Wannan takarda ce ya kamata ku fara nema duk ranar da aka kira ku taro.

Amma in maganar kiɗa ce, mu a Adar mun riga su, mai goge da ƴan bori sun daɗe suna yi. Wa zai shirya musu jarrabawa? Wane ma'aikaci ne zai sa hannu cewa ruƙiyar wane tana ci, ta wane ba ta ci? Gwamnati ba ta da ma'aunin wannan, kuma in ta buga hatimi a kai, gobe a lasifika za ka ji ana cewa hukuma ta tabbatar da maganin. Abin da take iya aunawa hali ne: ɗaure mai taɓin hankali da mari, dukan mara lafiya da sunan fitar da aljani, keɓewa da matar mutane, hana shan maganin farfaɗiya, cewa ana warkar da sida ko kansa. Jihar Minesota a Amurka tun 2000, da jihar Niyu Sawut Wels a Ostareliya tun 2008, sun bi wannan hanya: ba sai ka yanki lasisi ba, amma akwai ƙa'idojin da aka rubuta, wanda ya taka su a bincike shi a hana shi sana'ar. Kuɗin duka yana tafiya kan ƴan kaɗan masu ɓarna maimakon buga wa dubbai kati. Ga ƙasa mai faɗin tamu da ƙarancin ma'aikata, wannan ya fi kama hankalina.

Da ni ne a teburin, ga abin da zan kare. Rubuta suna kyauta, ko kuɗin tambur kawai, a CSI, wato gidan likita, mafi kusa, majo ya rubuta, mai gari ko sarkin sana'ar ya shaida. Katin ya faɗi a fili cewa shaidar rajista ce, ba shaidar ingancin magani ba. Masu taɓa jini da ƙashi, wato wanzamai da masu ƙaho da maɗora, su kaɗai za a wajabta wa horo kafin kati, gwamnati ta ɗauki nauyinsa don ita ke cin ribarsa. Kuɗi mai nauyi a ɗora shi kan masu kwalba da masu shigo da kaya da masu asibiti da masu talla, kuma gidan rediyo kada ya karɓi tallar maganin da ba ya da lamba. Sabuntawa duk shekara uku, don karɓar jikka biyu kowace shekara daga Abalak ya fi jikka biyun tsada. Ƙungiya irin taku ta ba da shaida ta kawo mutane horo, amma kada ta riƙe hatimi, don in ƙungiyoyi suka fara sayar da kati sai ka ga gari ɗaya da shugabanni huɗu.

In kuma an riga an yanka farashi aka kira ku don sanarwa kawai, kada ku tsaya ja-in-ja kan jikka biyar ko goma. Ku nemi a nuna muku layin da aka ware wa bincike da horo a kasafin shekarar, da sunan asusun da kuɗin zai shiga. Ku ce kowane biya sai da kitansi mai lamba, ko ta waya, kada a miƙa wa kowa a hannu a kasuwa. Ku kuma nemi a rubuta cewa ƙarshen kowace shekara za a karanta muku mutum nawa suka biya, fita nawa aka yi, samfuri nawa aka gwada da abin da aka samu a ciki. Ka sa a shigar da waɗannan cikin takardar bayan taro, shugabanku ya karanta kafin ya sa hannu, kai kuma ka ajiye kwafi ɗaya a wurinka.